Kunnen Ermanno Baraldi

A masana'antarmu da ke bayan garin Modena, ba takarda ce ke cewa mota ta kammalu ba, kunnen Ermanno Baraldi ne. Haka muka tarar, haka ake yi. Injiniyoyi su zana, maƙera su ƙera, matan sashen ɗinki su lulluɓe kujeru da fata mai laushi, amma kafin a ce an gama sai an miƙa wa Ermanno makulli. Ya hau hanyar tsauni da motar, ya shiga kogon nan da aka huda a cikin dutse don motoci su wuce, ya take totur, ya saurara. In ya fito ya ce muryarta ta yi, to ta yi. In ya yatsine fuska, a koma gareji.

Kada wani ya ce shirme ne. Wanda ya sayi mota mai buɗaɗɗen kai ba sauri kaɗai ya saya ba, don motoci masu sauri sun cika duniya. Murya ya saya. Yana so ya naɗe rufin da hantsi, iska ta bugi goshinsa, injin ya yi masa gurnani a ƙasa, in ya ƙara wuta muryar ta hau, ta yi ta hawa, har ta zama wani siririn kuka mai tayar da tsigar jiki. Na ga attajiri da furfura a kansa ya fito daga irin wannan mota yana share hawaye, yana kunyar a gan shi. Wannan kukan na sama shi ne sana'ar Ermanno, kuma tun yana saurayi yake farautarsa.

Sabuwar motar ta ba kowa wahala. Da ma haka masu buɗaɗɗen kai suke: da ka cire wa mota rufin ƙarfe ka cire mata ƙashin baya, sai ta dinga murɗewa a kwana. Dole a ƙarfafa ƙasanta, ƙarfafawar ta jawo nauyi, nauyin ya cinye saurin, a koma ana aske ƙarfe nan da can. Rufin yadin ma da farko ya ƙi naɗewa yadda ake so, daga baya ya naɗe amma yana yoyo. Shekaru aka kwashe ana wannan fama a hannun Injiniya Fiorenza Malagoli, wadda ta shigo masana'antar tana yarinya, Ermanno ya zaunar da ita a kujerar gefensa ya koya mata saurare. Har gobe Baba take ce masa, shi kuma ya ce mata 'yar nan, ko da a gaban manya ne.

Da sanyi ya ja baya aka fito da motar tsakar gida, ja wur, hancinta dogo, ƙugunta a tsuke. Gualtiero mai walda, wanda ya lanƙwasa bututun salansarta da hannunsa, shi ya tayar da ita. Da ya ɗan taɓa totur, sai masu share gareji suka ajiye tsintsiya. Wata mai ɗinki ta leƙo ta taga da allura a baki. Gualtiero ya dafe ƙirji ya ce, "Wayyo Allah! Da ina da sauran ƙuruciya, da na saki tsohuwata na auri wannan."

"Wace mace ce za ta ɗauke ka da wannan tumbin?" in ji Ermanno. "Ba ni makulli, ka je ka wanke hannunka."

Ya tafi, ya daɗe. Da ya dawo bai yi murmushi ba.

"Ta dishe," ya ce.

Fiorenza ta matso. "Ta me, Baba?"

"Ta dishe, 'yar nan. Ƙasan yana nan, gurnanin ya yi kyau, har a cinyata nake jin sa. Amma saman babu. Tana hawa, tana hawa, sai ta shaƙe kamar mai mura. A ƙara mata kaifi."

Fiorenza ta dubi Gualtiero, Gualtiero ya dubi takalmansa. Ta ce a hankali, na'urar awo ta nuna saman yana nan daidai inda ake so. Ermanno ya yi dariya, ya dafa kafaɗarta.

"Na'ura tana da kunne ne? Ta taɓa yin kuka? Ni na koya miki wannan, kada ki ba ni kunya."

Shi ke nan magana ta ƙare. A wurinmu ba a musu da kunnen mai gwaji. Ko shugaban masana'anta ba ya yi, balle wadda ta girma a kujerar gefensa. Gualtiero ya kwance bututun yana ƙunƙuni, ya lanƙwasa wasu masu sirantaka.

Aka sake gwadawa, Ermanno ya ce da ɗan dama, amma a ƙara. Aka ƙara. Ya ce saura kaɗan. Aka rage abin da ke tausasa ƙarar a cikin salansa, aka gajarta nan, aka buɗe can. Zafi ya shigo, inabi ya fara nuna a gonaki, motar kuwa ta koma wata aba daban. In an tayar da ita, karnukan unguwa su ɗauki haushi. Matan ɗinki suka fara rufe taga duk da zafin da ake yi. Yaran gareji suna cusa auduga a kunne, in sun hango Ermanno su zare ta da sauri su jefa aljihu. Abin takaici, kowa ya sani, kowa ya yi gum. Wasu ma har suna cewa wataƙila tsohon yana jin wani abu ne da mu ba mu kai mu ji ba, tunda bai taɓa kuskure ba.

"Mutumina," Gualtiero ya ce masa wata rana suna cin burodi da yankakken nama a bakin gareji, "wannan motar taka ta fara zagi fa."

"Ta fara me?"

"Zagi! Na ce ta fara zagi!"

"To me ya sa kake magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman bashi? Buɗe baki ka yi magana. Duk kun koma haka, daga kai har yaran. Kowa sai ya tauna magana ya haɗiye rabi."

Gualtiero ya ci gaba da cin burodinsa.

Shi Ermanno har ga Allah bai san komai ba. Abin da ya lura da shi kawai, duniya ta lalace. Matasa ba sa furta magana sosai. Masu karanta labarai a talabijin sun koma gunguni. Tsuntsaye ma sun yi ƙaranci bana, ya ce maganin feshin da manoma ke yi ne ya kashe su. Matarsa Nives ce kaɗai yake ji sarai, don ita muryarta mai kauri ce, kuma ta daɗe da koyon tsayawa a gabansa in za ta yi magana. Ita ta san tukunyar kofi tana tafasa har ta ƙone yana zaune kusa da ita. Ta san mai kawo saƙo yana danna ƙararrawa har ya gaji ya tafi. Ta yi niyyar faɗa masa ba sau ɗaya ba, sai ta dubi yadda yake goge takalman tuƙinsa da safe yana 'yar waƙa, ta ce bari sai gobe. Tsoro take ji, don ta san mijinta ba shi da wani abu a duniya bayan wannan kunnen.

Akwai wata al'ada da muka gada tun zamanin wanda ya kafa masana'antar. Kafin a nuna wa duniya sabuwar mota mai buɗaɗɗen kai, mai gwaji zai ɗauki matarsa ranar Lahadi bayan coci, da ɗankwalinta da komai, ya kai ta cin abinci a kan tsauni. In ta sauko tana fara'a, motar ta ci jarrabawa, don mai sayen irin wannan mota ba shi kaɗai zai zauna a ciki ba. Nives ta hau duk motar da Ermanno ya taɓa sa wa hannu. A cikin ta farkon ma ya ce zai aure ta, da ƙarfi, don iska na kwashe maganar.

Ranar Lahadin ta ɗaura ɗankwalinta mai ruwan zuma, ta shiga ta zauna, ta shafa fatar kujerar.

"Kai, Mano, wannan ai ta fi gadonmu laushi."

"Ki bari mu kai kogo, tsohuwa. Yau za ki ji abin da ba ki taɓa ji ba."

Ya danna maɓalli, rufin ya naɗe kansa ya shige baya. Suka ratsa gari a hankali, mutane na juyowa, wani mai keke ya cire hula ya ɗaga musu. Suka bar gonakin inabi, hanya ta fara hawa tana lanƙwasa. Motar na shiga kwana kamar ta san hanyar, ba girgiza, ba murɗewa, Ermanno ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce 'yar nan ta iya aiki. Ya ga Nives ta ɗan tsuke fuska, ya ɗauka rana ce. Da bakin kogon ya bayyana, ya rage giya, ya take totur har ƙasa.

Shi abin da ya ji, gurnani ne mai daɗi, da ɗan siririn abu can nesa wanda ya kusa isa yadda yake so. Ya juyo ya ga ko ita ma ta ji. Sai ya ga Nives ta dunƙule, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, idanunta a rufe, bakinta a buɗe. Ta saki kunne ɗaya ta dinga dukan hannunsa.

Suna fitowa ya gangara gefen hanya ya kashe injin.

"Lafiya? Zuciyarki ce?"

"Kaina zai tsage!" Hawaye na zuba a fuskarta. "Mano, wannan ba waƙa ba ce, ihu ne. Kamar ana yanka ƙarfe a cikin haƙorina."

"Haba, Nives. Ke ma kin tsufa ne kawai. Saman ma bai gama fitowa ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buɗe ƙofa ta fita, ta zagayo, ta kama hannunsa kamar yaro ta ja shi ƙarƙashin wata babbar bishiya da ke bakin hanya. Ta nuna sama.

"Ɗaga kai. Me kake ji?"

"Iska."

"Duba da kyau."

Ya duba. Bishiyar cike take da ƙananan tsuntsaye, reshe bayan reshe. Ya ga wani a kusa, ƙirjinsa na kumbura, maƙogwaronsa na rawa, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Na gefensa ma haka. Dukkansu haka. Ya tsaya yana jira sautin ya iso, bai iso ba.

"Tun da muka tsaya suke yi," in ji Nives. "Har sun cika mini kunne. Ba su mutu ba, Mano. Suna nan a tagarmu kullum da safe."

Ermanno ya zauna a kan dutsen bakin hanya, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Baƙin ciki ya taso masa tun daga ciki, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka binne mahaifiyarsa. Nives ta zauna kusa da shi, ta ɓangaren dama, ta riƙe hannunsa. Ba su je cin abincin ba. Ya tuƙo su gida a hankali, da rufin a rufe.

Likita bai ɓoye masa ba. Shekarun da ya yi yana zaune tsakanin iska da inji su suka cinye saman jinsa, na hagu ya fi lalacewa, kuma abin da ya tafi ya tafi. Ya ce akwai 'yar na'ura da za a saƙala masa, zai ji magana, zai ji ƙararrawa. Ermanno ya tambaye shi ko zai iya auna muryar inji da ita. Likitan ya girgiza kai, ya ce abin da zai ji muryar na'urar ce, ba ta motar ba.

Washegari ya shiga gareji ya tarar da Gualtiero a ƙarƙashin wata mota. Ya shuri ƙafarsa.

"Fito, munafuki."

Gualtiero ya turo kansa waje. Da ya ga fuskar abokinsa, ya san an sani.

"Tun yaushe?" in ji Ermanno.

"Tun gwajin farko."

"Tun gwajin farko! Kana kallona ina lalata motar nan, kana lanƙwasa mini bututu, kana cin burodi da ni? Ni ne abin dariyarku ke nan? Yara na toshe kunne a bayana?"

"Ba wanda ya yi dariya, wallahi. To wa zai faɗa maka? Ni? Tun muna samari in ka ce ta dishe, ta dishe ne. Ni kaina sai da na fara zargin kunnena." Muryar Gualtiero ta karye, ya goge hanci da bayan hannu, ya bar baƙin mai a fuskarsa. "Bututun farko suna nan. Ban yanka su ba, na naɗe su a bargo na ɓoye a bayan kabad. Hannuna ya ƙi."

Fiorenza na tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ermanno ya juyo gare ta.

"Ke ma, 'yar nan? Ke da kike da na'ura?"

"Na faɗa maka sau ɗaya, Baba."

"Sau ɗaya! In kin san kina da gaskiya, sau ɗaya ake faɗa?"

Ta sunkuyar da kai tana kuka. Shi ma ya san ba adalci ya yi mata ba, don shi ya rufe mata baki a gaban mutane. Ya ja tsaki, ya ce a mayar da bututun farko, a shirya motar, kuma kowa ya daina kallonsa kamar gawa.

Da aka gama, su biyu suka hau tsauni da rana tsaka, shi a sitiyari, ita a gefe. A wannan bakin kogon akwai wani ɗan shagon kofi inda tsofaffin ƙauyen ke zama suna karta, mutanen da suka san kowace mota tamu tun kafin a raɗa mata suna. Nan Ermanno ya tsaya. Ya fito, ya bar injin na aiki, ya riƙe mata ƙofa.

"Zagayo."

"Baba, ba a taɓa yi ba."

"Yau za a fara. Ki wuce can ɗaya bakin, ki juyo, ki taho da ƙarfi. Kada ki ji tausayinta. Kada ki dubi allurar awon gudu, ki saurara. In kin fito, abin da kika ce shi ne."

"In na yi kuskure fa?"

"Za ki yi, wata rana. Ki dai samu wanda zai faɗa miki har sau uku."

Ta shiga, ta gyara kujera. Motar ta shige duhun kogon ta ɓace.

Tsofaffin suka ajiye karta suka fito bakin hanya. Wani mai sanda, Dorando, ya ce, "A'a, Ermanno, yau kai ne a ƙasa? Ko matarka ta hana ka hawa?" Aka yi dariya. Ermanno ya ga dariyar, shi ma ya yi. Ya tsaya a tsakiyarsu, ya juya kunnen dama wajen kogon, ya kafa tafin hannu a bayansa. Har a lokacin yana da ɗan sa rai. Ya ce a ransa, kogo na tara murya, wataƙila in ta taho da dukkan ƙarfinta, ko kaɗan ne zai samu.

Ya fara jin ta a tafin ƙafa, kwalta na rawa. Sai gurnanin ya iso, mai kauri, ya cika masa ƙirji. Ya san daidai inda za ta fara hawa, ya bi ta, tana hawa yana biye, har ta kai wani wuri ta ɓace masa. Daga nan babu komai sai tsit, alhali fitilunta na ƙara girma a cikin duhu.

Sai ya dubi mutanen. Dorando ya saki baki, sandarsa ta faɗi bai sani ba. Mai shagon ya tsaya da tire a hannu, idanunsa a lumshe. Wani tsoho ya dafe kai da hannu biyu yana murmushi kamar an yi masa albishir. A fuskokinsu ya ga lokacin da ta kai ƙololuwa, ya ga lokacin da Fiorenza ta sauya giya, don duk tare suka ja numfashi. Motar ta fito kamar an harbo ta, ja, gashin yarinyar na tashi. Tsofaffin suka ɓarke da tafi da sowa. Ermanno ya sauke hannunsa daga kunne, ya bi su da tafi, a makare.

Fiorenza ta juyo ta tsaya a gabansu. Fuskarta jage-jage da hawaye, tana dariya, tana kuka. Ta dube shi, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Ta yi, Baba! Ta yi!"

"To ta yi," ya ce.

Dorando ya rungumo shi yana jijjiga shi. "Kai, Ermanno, kai maye ne! Duk cikin motocin nan 'ya'yanka babu kamar wannan. Ka ji can saman? Ka ji yadda ta yi a ƙarshe?"

Ermanno ya dubi motar, ya dubi tsohon. Ya durƙusa ya ɗauko masa sandarsa, ya damƙa masa a hannu.

"Zauna ka ba ni labari, Dorando," ya ce. "Yaya ta yi? Ka yi magana da ƙarfi, ta wannan ɓangaren."